Uwargidan Kan Matakala

Ƙarfe goma na kowace Lahadi, ranar da ake shiga kyauta, tsohon yake zuwa. Ba ya ɗaga kai ya kalli ƙofar gidan tarihin, wadda aka cika da sassaƙen inabi da mala'iku masu kumatu har babu wurin sa yatsa. Ba ya leƙa ɗakin madubai, balle kicin ɗin da aka lulluɓe da tayil shuɗi da fari. Kai tsaye yake ratsa tsakar gida, ya hau matakala, ya cire hularsa a gaban Uwargida.

Uwargida mutum-mutumi ce ta dutse, kuma duk birnin Puebla babu wanda bai san ta ba. Itzel Cuautle ta shekara shida tana zagayawa da baƙi, labarin ya zauna mata a baki. A 1768 wani hamshaƙi mai suna Olaeta, wanda ya yi arziki da azurfa, ya gina wa matarsa wannan fada. Kafin a rufa gini ta rasu, sai ya sa aka sassaƙa ta. Daga baya gidan ya zama barikin soja, ya zama makarantar 'yan mata, girgizar ƙasa ta tsattsaga shi, aka gyara, amma Uwargida tana nan da murmushinta.

Duk lokacin da Itzel ta kai nan, sai tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Abin yana ci mata rai.

Da aka sanar cewa za a kai Uwargida baje koli na wata shida a Madrid, sai ya koma zuwa kullum. Ya tambayi irin akwatin da za a sa ta. Ya tambayi su wa za su ɗaga ta. Ran Alhamis Itzel ta kama shi ya miƙa faskararren hannunsa ta saman igiyar shinge, yana auna wuyan dutsen da taƙi.

Ta sami Nabor mai gadi yana cin burodinsa a bakin ƙofa.

"Tsohon nan shirin sata yake yi."

"Don Evaristo? Dutsen da ƙarti shida ke nishi a kansa? A aljihu zai sa?"

"Leƙen asiri yake yi wa wasu, kai dai ci kawai ka iya."

"Shekara biyu yana zuwa, ko alawa bai taɓa yarwa a ƙasa ba."

Duk da haka ta rubuta wa shugabar gidan takarda, aka ce ran ɗauka kada a bar kowa ya shiga.

Ran Litinin, ranar ɗauka, aka rufe ƙofa. Dokta Urrutia ya iso daga babban birni da farar safar hannu. Shi ne ya rubuta littafi guda a kan Uwargida, har da babi na musamman a kan hancinta, wanda ya ce hancin manyan gidajen Sifen ne tsantsa. Ma'aikata suka kafa ƙarafa, suka zagaya ɗamara ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙarƙashin haɓa.

"Ku cire abin nan daga wuyanta!"

Don Evaristo ne. Ya bi bayan masu ɗaukar akwati ya shigo, yana haki. Itzel ta harari Nabor, Nabor ya kalli silin.

"Baba, yau a rufe muke," in ji Itzel, ta tare shi.

"'Yata, ki kira 'yan sanda in kina so, amma a fara cire ɗamarar. Kan daban yake da jikin. Rodi ne ya riƙe shi, taƙi ɗaya, kuma yanzu ya yi tsatsa. Kuna ja, zai faɗo muku a ƙafa."

Dokta Urrutia ya yi murmushin da ake yi wa yara. "Rodi, Baba? A 1768? Dutse ɗaya ne daga sama har ƙasa. Shekara goma sha biyu ina nazarinta."

"To, sannu da ƙoƙari."

Shugaban ma'aikatan bai damu da tarihi ba, shi dai kada abu ya fashe a hannunsa. Ya ciro 'yar na'urar da suke neman bututu a bango da ita, ya bi ƙirjin Uwargida. Shiru. Ya kai ta wuya. Na'urar ta ɗauki kuka kamar an taka ɗan kyanwa.

Aka sassauta ɗamarar a hankali. Dokta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Itzel ta ji kunya ta rufe ta. Ta jawo wa tsohon kujera. "Don Evaristo, yaya aka yi ka sani?"

Ya zauna, ya ɗora hular a gwiwa.

"Girgizar ƙasa ta shekarar saba'in da uku ce. Kan ya faɗi ya zama tsakuwa. Saura mako uku gwamna ya zo buɗe gidan, shugaban wancan lokaci ya kira ni, ina cikin magina masu gyara. Ya ce in yi wani, in shafa masa toka da ruwan shayi ya tsufa, in kuma kama bakina. Na kama."

"Amma hancin," Dokta ya ce da ƙyar. "Da wane hoto ka yi aiki?"

"Hoto? Babu ko ɗaya." Don Evaristo ya ɗaga kai ya dubi dutsen. "An ce in yi kyakkyawar mace, ni kuwa fuska ɗaya na sani: ta Chayo mai sayar da dafaffiyar masara a ƙofar nan, matata, wadda na binne shekara biyu da suka wuce."