Wasiyyar Inna Furera Ungozoma

A wani ƙauye na karkarar Sae Sabuwa, da wuya a sami gidan da Inna Furera ba ta yanke cibi ba. Ko tana tsakiyar noman gyaɗarta aka ce wance na kan gwiwa, sai ta yar da hauya ta nufi gidan. Hannuwanta duk sun tsattsage da aikin gona, kuma da su take tarbar jinjiri, da su take wanke zannuwan jini.

Wata rana Sumaiya, ma'aikaciyar gidan likita, ta miƙa mata kwalin safar hannu. Tsohuwa ta yi dariya.

"Ɗiyata, in rufe hannu in taɓa yarinyar da aka haifa a gabana? Ai sai ta ce ƙyamarta nake."

"Inna, akwai cutar da ke ɓoye cikin jini, mai ita ma bai sani ba."

Tsohuwa ta karɓa don kunya, ta tura ƙarƙashin gado.

Bayan wasu shekaru idanunta suka yi rawaya, ciki ya kumbura. Da aka auna jininta a Maraɗi, aka ce ciwon hanta ne, kuma ya riga ya yi nisa. Likita ya juya tafin hannunta, ya ce mai yiwuwa ta nan ya shiga.

Da wata ce, da ta ɓoye. Ita kuwa ta sa aka ɗora ta bisa amalanken jaki ranar da ungozomomin karkara ke taruwa wajen Sumaiya. Ta yaye mayafinta a gabansu, ta ajiye kwalin safar da ta ɓoye.

"Ku dube ni da kyau. Na guji bakin mutane, na faɗa bakin cuta. Hamdiya, ke ce ƙaramarmu, zo ki sa safar nan ina gani."

Hamdiya ta sa tana hawaye. "Inna, in mai naƙuda ta ji haushi fa?"

"Turo min ita. In ba ta tarar da ni ba, ki ce wasiyyata ce."

Inna Furera ta rasu kafin lokacin kaka. Matan da suka yi mata wanka, kowace da safa a hannu, domin abin da ta roƙa ke nan.

Jama'a, duk mai aikin taɓa jini ko ruwan jikin wani, ya rufe hannunsa, ya wanke da sabulu, ya nemi allurar rigakafi. Mu kuma da ake yi wa hidima, mu daina kiran kariya ƙyama.