Na'urar da Ta Ƙi Gyaruwa

"Har yanzu ba ta gyaru ba?" shugabar gidan baje kolin kimiyya ta daka masa tsawa.

Injiniya ya share zufa. Domin yara ya ƙera na'urar: ka ɗora tafin hannu, allon kwamfuta ya zana bugun zuciyarka. Gobe za a buɗe zauren, amma duk gwajin da ya yi, sai zanen ya yi tsalle, ya tsaya, ya rikice. Ya sauya wayoyi, ya sauya manhaja, a banza.

"Kauce, malam!" Ta ɗora nata hannun a fusace.

Zanen ya tafi daidai, gwanin sha'awa.

Muryarta ta yi sanyi. "Injiniya, da hannunka kaɗai kake ta gwadawa?"

Ya gyaɗa kai.

"Ajiye kayan nan. Asibiti za mu."