Ƙibar 'Yar Gummi

Hawwa'u ta sake cira magen sama, ta ji nauyinta kamar tulu cike da ruwa. Wata biyu da suka wuce wannan dabba ƙashi ce da fata, tana jan ƙafar baya. Yau tafiya kaɗan sai haki.

Magen ta mahaifinta ce, Malam Sahabi. Daga Gummi ya zo da ita cikin aljihun riga shekara goma sha biyu da suka wuce, shi ya sa ake ce mata 'Yar Gummi. Tun rasuwar Inna Atine, matarsa, ba shi da abokin hira sai ita. Hawwa'u ta sani sarai, in magen nan ta mutu, tsohon ba zai daɗe ba. Ga shi kuwa ita da hannunta take ɗura mata magani.

Hudu malamin dabbobi ne ya ba ta shi a kasuwar Bukkuyum: ƙwayoyin man kifi, na ciwon gaɓoɓi, a huda da allura a ɗiga cikin nono. Ɗingishi ya ragu, sai ƙiba ta ce salamu alaikum. Hawwa'u ta rage ɗigo, ta rage nono, ta ɓoye kifin miya a saman rumbu. Mage sai ƙara faɗi take yi kamar ana hura ta.

Abin ya hana ta sukuni. Ta ɗora tukunya ta manta, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Abu ɗaya ke sanyaya mata rai: Malam na cin abinci. Kullum takan ajiye akushi a bakin ɗakinsa, ta yi sallama ta juya, don 'ya mai kunya ba ta tsayawa kan uba yana ci. A da yakan rage loma biyu don albarka, yanzu kuwa akushi na dawowa fes, kamar an wanke. Sallah ma a zaune yake yi, ga riga biyu a tsakiyar bazara, amma tsufa ai ba ya zuwa shi kaɗai.

Ranar da ta ga magen ta kasa hawa dakali, ba ta jira kasuwa ba. Ta saka ta a kwando, ta hau ɗan kabu-kabu har Anka, ofishin su Hudu. Ya latsa cikin magen, ya buɗe bakinta.

"Babu ciki, babu ciwo," in ji shi. "Ɗigon ga bai sa ƙiba, Hawwa'u. Mussag ga ci taka yi. Bincika wa ka ba ta."

Ta dawo tana zargin maƙwabta. Wato wata ce ke neman kashe mata uba da kirki! Washegari da azahar ta kai akushi, ta laɓe bayan rumbu, idonta a kan katanga, tana jiran ta ga gidan da magen za ta tsallaka.

'Yar Gummi ko kallon katanga ba ta yi ba. Ta miƙe, ta ja tumbinta, ta shige ƙarƙashin asabarin ɗakin Malam.

Hawwa'u ta bi ta a guje don kada ta sa baki a abincin tsoho, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta ɗaga asabari babu sallama.

Malam na zaune ya tuɓe riguna, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Bai ji shigowarta ba. Ya tura akushin gaban mage, ya ce da ita a hankali:

"Cinye duka, kamar kullum. Kada ɗiyata ta gane tun Sallah loma ba ta wuce min maƙogwaro ba."