Dodanni Uku na Malam Gershon

Nasara casa'in da tara a jere ke kan 'yar na'urar gem ɗin Malam Gershon ranar da ya hau babur zuwa Kagoro gaida surukai.

Wasan ba ya da tausayi. Ka tara dodanni, ka zaɓi uku, ka shiga hasumiya kana faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ka faɗi sau ɗaya tak, ka koma sifili. Gershon, malamin firamare a Kafanchan, shekara guda ya yi yana haɗa nasa: kunkuru mai jure duka, shaho mai sauri, da wani mummuna mai sa abokin gaba barci. A gurup ɗin 'yan wasan na Wasap, inda ya sa cikakken sunansa har da hotonsa cikin kwat, kowa ya sara masa. Akwai wani mai kiran kansa Na-Baya, wanda kullum a saba'in yake faɗuwa, kullum yana roƙon sirrin haɗin. Gershon kan ce masa ya je ya buga ludo.

To, amma akwai Keziya, kuma saura wata biyu bikinsu.

Babanta, Baba Meshak, tsohon hedimasta ne kuma dattijon ikilisiya, mutumin da ko tari ya yi 'yan kwaya, wato mawaƙan coci, sai sun gyara zama. Da Gershon ya isa, bai bari ma an kawo ruwa ba. Ya ce labari ya iso shi cewa mai neman 'yarsa yana kiwon aljanu a aljihu. Ko aljanun, ko Keziya.

Gershon yana son yarinyar nan tsakani da Allah. Ya fara bayanin cewa wasa ne kawai, tsohon ya ɗaga hannu. Tuba, in ji shi, ba ta karɓuwa sai an faɗi komai. Wanne yake fara turawa? Me ya rataya wa kunkurun a wuya? In aka sa shahon barci fa, me yake yi? Gershon ya ɗauka laya ake bincike, ya zazzage komai yana gumi, tsohon yana rubutawa a bayan takardar waƙoƙi, wai don ya san abin da zai yi addu'a a kai.

Daga nan ya miƙo hannu. Na'urar za ta zauna wurinsa, har da cajar.

A hanyar komawa sai da Gershon ya share hawaye a kan babur. Saura ɗaya fa ya cika ɗari, ɗaya! Bayan mako uku kuma Na-Baya ya cika ɗari, gurup ya ɗauki sowa, Gershon ya fice ba sallama.

Biki dai ya yi kyau. 'Yan zumuntar mata na coci sun cashe, Keziya ta yi ta murmushi, Fasto ya yaba wa ango kan barin ayyukan duhu. Lokacin nasiha Baba Meshak ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya.

"Ɗana, ka riƙe 'yata da amana. Kuma ka rage rowa. Da ka faɗa mini haɗin nan tun bara da na yi ta roƙonka a gurup, ai da ba mu kai ga haka ba."