Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Mai Niƙa

Mai niƙa ya doka memorinsa a kan teburin mai tura waƙa.

"Malam, ni za ka cuta? Kundayen da suka fi burge ni a bana na zaɓo: na gambara, na rege, na soyayya, har na gargajiya. Duk ka turo min su kamar ana raɗa a cikin rijiya!"

Mai tura waƙa ya amsa ƙasa-ƙasa. Abin ya ƙara tunzura mai niƙa. Haka matarsa ma ta tsiro masa da shi kwanan nan, magana ciki-ciki don tsabar raini.

"Buɗe baki ka yi magana! Shekara guda ina ƙure waƙa a kunnena har ta danne ƙarar injina, ni za a koya wa sauti? Sa a babbar sifikarka, kowa ya shaida!"

Mutumin ya sa, ya ƙure ta. Kofin shayi ya fara rawa a kan tebur. Telan da ke maƙwabtaka ya fito a guje yana toshe kunnuwa.

Mai niƙa ya dubi telan, ya dubi kofin. Shi kuwa da ƙyar yake jin waƙar.

"Malam," ya ce, "don Allah ƙara sautin kaɗan."