Farin Zanen Tebur

"Mama, ki shigo ciki, sanyin nan zai kwantar da ke!" in ji 'yarta.

Tsohuwar ko gezau, tana tsaye a waje a saman jirgin ruwa. Kwana huɗu ke nan suna bin gaɓar Norway, ta sauka a kowace tasha, ta ci busasshen kifi, ta dogara sanda a kan ƙanƙara, amma ba wannan ya sa ta shiga jirgin ruwan ba. Shekara arba'in, duk hantsin da jirgi ya gifta ta gaban tsibirinsu, sai ta fito ƙofar gida ta kaɗa masa farin zanen tebur. Marigayi mijinta ya sha yi mata dariya: "Wa zai hango ki daga can? Wahalar banza!" Yau kam sai ta gane wa idonta.

Can jan gidanta ya ɓullo, ɗan mitsitsi kamar barkono. Ashe gaskiyar mijin nata ce.

Sai ga ma'aikatan jirgin suna firfitowa, har da mai girki da ludayi a hannu. Suka jeru suna ɗaga wa gidan hannu, ƙofa kuwa a rufe.

"Kai, an ce kwana huɗu ke nan ba ta fito ba," in ji wani mai furfura a cikinsu. "Allah ya sa ba rasuwa ta yi ba."

Ta buɗe jakarta, ta warware zanen, iska ta ɗauka.

"Ba ta mutu ba, ɗan nan. Matsa, ka tare mini gidana."