Hannun Inna Aina'u

Sai da jini ya ɓalle wa Mati ta hanci kafin mutane su iya janye Abdulkabir daga kansa. Laifin Mati, direban motar da ke kwasar tumatir a gonakin Watari, bai wuce ya taya Tahira sauke kwando ya ce mata sannu ba.

Abdulkabir, saurayin Tahira, ya juyo kanta yana huci. Ya fizge wayarta ya maka da jikin mota, ya damƙi wuyan hannunta ya murɗe har sai da ta kai ƙasa. Washegari kuma sai ga shi da atamfa da sabuwar waya, ido ya yi ja, yana rantsuwa son da yake mata ne ya fi ƙarfinsa.

Ƙawayenta 'yan tsinkar tumatir suka ce ta dace, kishi ne, kuma wanda bai damu da mace ba ai ba ya kishinta. Abin da sauƙin faɗa, tunda ba hannunsu aka murɗe ba.

Wata uku ke nan yana nemanta, tun da ya zo daga Tsanyawa ya kama gonar rani. Mahaifinta a Rimin Gado ya ce ranar Juma'a yake son jin bakinta: ko Abdulkabir ya turo magabatansa, ko ya ɗauke ƙafa. Tana sonsa, tana kuma tsoronsa, ta rasa wanne ya fi yawa.

Mutum ɗaya ce ba ta taya ta murna ba. Inna Aina'u, wata dattijuwa da ta shigo aikin bayan kowa ya fara, da hagu take tsinka, don hannunta na dama a karkace yake tun daga gwiwa. In Abdulkabir ya shigo gona sai ta ja mayafi ta juya baya. Shi ma wuce ta yake kamar bai ga kowa ba. Ko sau ɗaya ba a ji sunansa a bakinta ba, sai dai “wancan” ko “mutumin naki”. 'Yan mata suka gama yanke hukunci: tsohuwa ce mai baƙin ciki.

Ranar Alhamis da rana, a gindin darbejiya, Inna Aina'u ta jawo hannun Tahira da ya kumbura ta shiga shafa masa man shanu.

“Daga murɗewa ake farawa,” in ji ta. “Washegari a kawo atamfa. Tawa shuɗiya ce.”

Ta janye mayafi ta nuna hannunta na dama. Ƙashin ya haɗu a gicciye, ga tabo dogo a kai.

“Da ƙotar fartanya aka yi wannan. Matarsa yake duka a tsakar gida, na shiga tsakani. Ita ta tsira da kunne ɗaya, ta koma gidansu.”

Tahira ta dube ta. “Mijinki ne, Inna?”

“Malam, Allah ya jiƙansa, bai taɓa nuna mini yatsa ba. Wancan ne. Don ke na baro Tsanyawa. Gobe ki ce wa babanki a'a.”

Tahira ta fizge hannunta, hawaye na zuba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don so take a ce ƙarya ne.

“Sharri ne! Kin tsane shi kawai. Kowa ya gani, ko sunansa ba kya iya faɗa.”

Dattijuwar ta rufe gwangwanin man a hankali, ta dubi gonar da Abdulkabir yake tsaye yana daka wa ma'aikata tsawa, sannan ta sunkuyar da kai.

“'Yar nan, a garinku mace tana faɗin sunan ɗanta na fari?”